Yadda za ka gano iyakar nisan da harsashin jan ƙarfe zai buɗe a jikin dabba

Tun da harsashin jan ƙarfe ya fara maye gurbin na dalma a hannun maharba, tambaya ɗaya ta ƙi ƙarewa: da wane gudu ya kamata ya isa jikin dabba kafin a tabbata zai buɗe? Masu tambayar lamba guda suke so, su haddace su huta. Lambar da ta fi yawo ita ce ƙafa 1,800 zuwa 2,000 a sakan ɗaya, wato kimanin mita 550 zuwa 610. Gaskiya ce, amma ba ta isa a shiga daji da ita ba, domin a daji babu mai ganin gudu da ido. Nisa ake gani. Aikin da ke gabanka shi ne ka mayar da wannan gudun ya koma yadi ko mita, da bindigarka da harsashinka, sannan ka gwada ka tabbatar.

Dalilin duk wannan wahalar a taƙaice: jan ƙarfe ya fi dalma tauri. Harsashin dalma ko gudunsa ya ragu yakan lotse, ya ɗan farfashe, ya yi ɓarna. Na jan ƙarfe kuwa dogaronsa ramin da ke bakinsa. Tsoka da ruwan jiki su cusa kai cikin ramin da ƙarfi, bakin ya tsage, kunnuwa huɗu ko shida su baje. Idan ƙarfin bai kai ba, sai ya ratsa dabbar kamar basilla, ƙaramin rami a shiga, ƙaramin rami a fita, jini kaɗan a ƙasa, ita kuma ta tafi ta mutu inda ba za ka same ta ba.

Abin da za ka tanada

Kwali biyu na harsashin da za ka yi farautar da shi, masu lambar rukuni ɗaya (lambar da ke nuna tare aka ƙera su), harsashi arba'in ke nan. Nan ne kuɗin ya fi tafiya, don na jan ƙarfe ya fi na dalma na gama-gari tsada, kuma kusan rabi zai ƙare a gwaji. Kada ka yi wayon gwadawa da mai araha ka tafi daji da mai tsada. Abin da ka auna shi kaɗai ka sani.

Sai na'urar auna gudun harsashi. Mai aiki da haske ta fi sauƙin kuɗi, mai aiki da rada irin LabRadar ko Garmin Xero ta ninka ta sau da yawa. Aikin yini ɗaya ne, saboda haka aro ya wadatar idan akwai mai ba ka. Sai na'urar auna nisa, manhajar lissafin tafiyar harsashi (akwai na kyauta, kamar shafin JBM da manhajar Hornady), ma'aunin kauri mai baki biyu irin na makanikai, ƙaramin sikeli, galan-galan na roba ko tulin tsoffin jaridu, da filin harbi da doka ta yarda da shi, mai tudun ƙasa a baya.

1. Nemo lambar ainihin harsashinka

Duba kwalin ka rubuta abu huɗu: kamfani, sunan samfuri, faɗi, da nauyi. Ana rubuta nauyin da giren. Giren 150 daidai yake da giram 9.7. Da waɗannan huɗun za ka je shafin kamfanin, ko ka rubuta musu kai tsaye, ka tambayi mafi ƙarancin gudun buɗewa na wannan harsashin.

Kamfanin Nosler ya sa wa samfurinsa E-Tip ƙafa 1,800 a sakan. Lambar da aka san GMX na Hornady da magajinsa CX da ita ita ce 2,000. Kamfanin Barnes ba shi da lamba ɗaya ta kowa da kowa: TSX mai buɗaɗɗen rami, TTSX mai tsinin roba, da LRX da aka ƙera don nesa, kowane da nasa, kuma LRX an yi shi ne ya buɗe da gudun da bai kai na sauran ba. Har a cikin samfuri ɗaya ana samun bambanci. A TTSX mai faɗin inci .30 akwai mai giren 165 akwai mai 168, tazarar giren uku kacal, amma mai 168 ya fi saurin buɗewa idan gudu ya ragu.

Gargaɗi: kada ka ɗauki lambar harsashin abokinka don kawai sunan kamfaninku ɗaya. Harsashin jan ƙarfe da aka yi wa bindiga mai cin .45-70 ko .300 Blackout yana da ƙaton rami, yana buɗewa da gudun da na .270 ba zai ko motsa ba. Haka kuma kada ka ruɗe da babbar lambar da ke gaban kwali. Wannan gudun fita ne daga bakin bindiga, kai kuwa gudun isa kake nema.

2. Ɗora rata a kan lambar

Lambar kamfani ƙasa ce, wurin da bakin harsashin ya fara tsagewa ke nan. A wannan gudun wani harsashin faɗinsa da kyar yake wuce yadda ya fito daga bututu. Kamfani zai ce ya buɗe, kuma bai yi ƙarya ba, amma ramin da zai bari a huhu ba shi ne wanda ke cikin hoton talla ba. Wancan hoton mai kunnuwa a lanƙwashe har baya, na kusa ne.

Ni shawarata a ƙara ƙafa 200. Wanda aka ce 1,800 ka riƙe 2,000, wanda aka ce 2,000 ka riƙe 2,200. Idan faɗin harsashin ƙarami ne, kamar .224 ko .243, ƙara 300, saboda ramin bakinsa ɗan mitsitsi ne, kuma ko ya buɗe faɗin da zai kai ba shi da yawa. Mutane sukan zaci ƙaramar dabba ba ta buƙatar wannan ratar. Ita ce ma ta fi buƙata. Barewa da aka harba ta tsakanin haƙarƙari ba ta da kaurin jikin da zai tilasta wa harsashi mai kasala ya baje, gwanki kuwa ko ba komai yana da tsoka da ƙashin da za su taimaka.

Wannan sabuwar lambar ka rubuta ta. Daga nan ita ce iyakarka, ta kamfani kuma ka manta da ita.

3. Tabbatar bututunka yana juya shi daidai

Curin jan ƙarfe mai santimita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri giram 8.96 ne, na dalma 11.34. Ma'ana, idan nauyi ɗaya ne, harsashin jan ƙarfe ya fi tsawo, kuma dogon harsashi yana bukatar murɗi mai sauri, wato murɗaɗɗen tsagin cikin bututu da ke juya harsashi, kafin ya tsaya da bakinsa a gaba. Wanda ya isa a karkace, ko da gudunsa ya kai, ramin bakinsa ba zai ci nama yadda ya kamata ba.

Idan ba ka san murɗin bututunka ba, ga yadda ake aunawa. Fitar da harsashi, cire sakatar bindigar gaba ɗaya, leƙa ka ga haske ya ratsa. Sa ƙyalle mai matsewa a sandar goge bututu, manna ɗan tef a jikin sandar ya zama tuta, yi alama a daidai inda sandar ta shiga. Tura a hankali har tutar ta zagaya sau ɗaya cif, sake yin alama, auna tsakanin alamomin biyu. Idan inci goma ne, murɗinka 1:10 ke nan. Kwatanta da abin da kamfanin harsashin ya nema; a dogayen harsasai sukan buga shi a jikin kwali.

Sai ka wanke bututun da maganin cire jan ƙarfe, ka yi harbi biyu ko uku na share fage, sannan ka harba uku a takarda daga yadi 100. Je ka duba ramukan da kyau. Zagayayyu ake so. Idan ka ga rami ya yi tsawo ta gefe ɗaya, tsaya nan, wannan harsashin ya fi ƙarfin murɗinka, koma mai gajarta.

Gargaɗi: saitin da ka yi da harsashin dalma ba zai zauna ba. Wani lokaci bambancin ya kai faɗin tafin hannu a yadi 100. Sake saiti kafin ka ci gaba.

4. Auna gudun fita da kanka

Yawancin kamfanoni da bututu mai inci 24 suke auna gudun da suke bugawa. Duk incin da bututunka ya gaza wannan, kana asarar ƙafa 20 zuwa 30. Mai bututun inci 18 ya yi bankwana da kusan ƙafa 150 tun harsashin bai ga hasken rana ba. Wannan matakin shi mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi cin su.

Harba goma. Bar bututun ya huce tsakanin harbi, kada ka shanya harsasan a rana, kada kuma ka bar ɗaya ya daɗe a cikin bindiga mai zafi kafin ka ja kunama, domin albarushin da ya ɗumama yana ƙara gudu, sai ka sami lambar da ba za ka gani ba da sanyin asuba. Rubuta duka goman, da zafin ranar. Fitar da matsakaici, sannan ka dubi mafi ƙanƙanta. Idan tazarar babba da ƙaramar ba ta wuce ƙafa 40 ko 50 ba, yi aiki da matsakaicin. Idan ta wuce, yi aiki da ƙaramar.

Gargaɗi ga mai na'urar haske: ajiye ta mita uku zuwa huɗu daga bakin bindiga, don hucin albarushi kada ya ruɗa ta. Ka tuna madubin saiti yana sama da bututu da kusan santimita huɗu. A wannan kusancin harsashi ƙasa da inda kake kallo yake bi, kuma na'urori da yawa ta haka suka gamu da ajalinsu. Mai MagnetoSpeed, wadda ake ɗaurawa a bututu, ya sani nauyinta yana kautar da inda harsashi ke sauka, saboda haka kada ya gyara saiti tana ɗaure.

Idan farautarka a lokacin tsananin sanyi ce, a cikin sanyin ya kamata ka auna. Wasu nau'o'in albarushi suna rage gudu sosai idan gari ya yi sanyi.

5. Mayar da gudu ya zama nisa

Buɗe manhajar ka shigar da gudun da ka auna, nauyin harsashi, lambar santsinsa a iska wadda ake rubutawa BC, zafin gari, da tsayin wurin daga matakin teku. Sa ta fitar da jadawali yadi 25-25. Bi layin gudu da yatsa har inda ya faɗi ƙasa da iyakarka; layin da ke gabanin wannan shi ne nisanka.

Ga misali da .308 Winchester, harsashi mai giren 150, BC 0.42 a ma'aunin G1 (ɗaya daga ma'aunan BC biyu), a matakin teku. Lambobin kusan-kusan ne. Idan ya fita da 2,800:

yadi 100, 2,580
yadi 200, 2,380
yadi 300, 2,180
yadi 400, 1,995
yadi 500, 1,820

Mai bin lambar kamfani ta 1,800 zai ce yana da yadi 500. Mai riƙe da 2,000 yana da kusan 395. Mai riƙe da 2,200 ya tsaya a 290. Yanzu ɗauki harsashin nan ka sa shi a gajeren bututun da ya ba da 2,650: a yadi 200 yana kan 2,240, a 300 yana kan 2,050, a 400 ya sauka 1,870. Iyakar 2,200 ta dawo yadi 220, ta 2,000 ta dawo 330. Yadi saba'in sun tafi, kwali ɗaya, harsashi ɗaya, kuma babu abin da zai gaya wa mai bindigar idan bai auna ba.

Gargaɗi: BC iri biyu ake bugawa, G1 da G7, kuma lambar G7 kusan rabin ta G1 ce. Idan ka zuba 0.42 a gurbin G7, manhajar za ta ɗauka harsashinka ya ninka santsinsa, ta ba ka nisan da ba naka ba. Kuskuren ba ya kuka, jadawali zai fito tsaf. Duba gurbin sau biyu.

Iska mai sanyi a ƙasa-ƙasa ta fi kauri, ta fi cin gudu. A kan duwatsu masu tsayi harsashi ya fi riƙe gudunsa. Shigar da yanayin da ya fi muni cikin waɗanda za ka yi farauta a ciki. Kuma tun da kamfanoni ba su cika rage wa kansu lambar BC ba, gwada ta: harba uku a yadi 300, auna yadda suka sauka ƙasa, kwatanta da abin da manhajar ta ce. Idan naka sun fi sauka, rage BC kaɗan-kaɗan har lissafi ya yi daidai da takarda, sannan ka sake karanta nisan.

6. Harba a wannan nisan, ka tsinto harsashin

Gani ya kori ji. Duk abin da ya gabata lissafi ne, nan ne za ka riƙe amsar a hannunka.

Abin harbin iri uku ne. Jel ɗin gwaji, wanda ake haɗa garinsa kashi goma cikin ɗari da ruwa a ajiye shi a sanyin digiri 4 na ma'aunin Celsius, shi ya fi kusa da tsoka, amma yana da tsada da ɗawainiya, kuma kai shi fili da sanyinsa aiki ne. Akwai na roba mai haske da ake narkarwa a sake amfani da shi, shi ma ba araha ba. Ko wanne ka ɗauka, jera bulo biyu, domin jan ƙarfe yana nitsewa sosai, bulo ɗaya mai inci 16 ba ya tsare shi.

Na biyu jiƙaƙƙiyar jarida. Jiƙa ta kwana guda har ta kumbura, bar ruwan ya tsane kaɗan, cusa ta a dogon kwali ta kai tsawon mita ɗaya, shafukan suna fuskantar mai harbi. Ita na fi so ga mai ƙaramin ƙarfi, saboda tana riƙe hanyar da harsashi ya bi, kana iya buɗawa shafi-shafi ka ga inda ramin ya fara faɗaɗa. Busasshiya ba ta aiki. Takan toshe ramin bakin ko ta lalata harsashin ta hanyar da nama ba zai yi ba.

Na uku galan-galan cike da ruwa, masu cin lita huɗu ko biyar. Jera takwas zuwa goma a kan katako, su manne da juna, a miƙe sak da layin harbi. Su ne mafi sauƙi, amma ruwa yana yi wa harsashi alfarma: yana buɗe shi fiye da yadda huhu zai yi. Saboda haka hukuncin ruwa ta gefe ɗaya yake da ƙarfi. Wanda ya ƙi buɗewa a ruwa ya faɗi jarrabawa babu ɗaukaka ƙara. Wanda ya buɗe a ruwa da kyar, ka ɗauke shi a matsayin wanda bai buɗe ba.

Auna nisan da na'ura, ka kafa abin harbin a daidai iyakar da ka lissafa. Harba aƙalla uku, kowane da sabon jeri ko sabon wuri a jikin jaridar, domin ɗaya ba shaida ba ne. Harba wani guda a yadi 100 ya zama abin kwatance. Idan da sauran harsashi, ƙara ɗaya a yadi 50 bayan iyakar, don ka ga yadda abin ke lalacewa da sauri. Af, idan ka kasa samun tsakiyar galan daga wannan nisan, gwajin ya riga ya ba ka wata amsar, kuma ita ce ke gaba da ta gudu.

Gargaɗi: dole a sami tudun ƙasa a baya, mai faɗi, domin harsashin da bai buɗe ba yakan juya ya fice ta gefen jerin. Kada ka harbi saman tafki ko kogi da sunan gwajin ruwa, harsashi yana tsalle a kan ruwa ya tafi inda ba ka nufa ba. Kada ka jingina jerin da dutse ko ƙarfe. Babu mai zuwa wajen abin harbi sai an buɗe sakata an ajiye bindiga.

Masu cusa harsashi da kansu, wato masu zuba albarushi a kwanso su ɗora harsashi, sukan rage albarushi su harba daga kusa don kwaikwayon gudun nesa. Yana aiki, da sharaɗi biyu. Rage albarushi ƙasa da abin da littafin awo ya yarda yana da haɗari na gaske, sai da awon da aka wallafa don hakan. Sannan harsashin da ya fita a hankali yana juyawa a hankali, alhali wanda ya fita da cikakken gudu ya yi tafiyar yadi 300 bai rasa juyinsa sosai ba, don haka sakamakon ba zai zama ɗaya cif ba. Idan filin yana da tsawo, harba daga nesan.

7. Karanta abin da ka tsinto

Ɗauraye shi ka ɗora a tafin hannu. Wanda ya buɗe sosai za ka ga kunnuwan sun tsage har gindin ramin, sun kwanta baya, gefensu da kaifi har yana iya yankar yatsa, tsinin robar kuma ya ɓace, wataƙila ka tsince shi a galan na farko. Wanda ya isa da kasala, kunnuwan sun ɗan rabu a baki kawai suna kallon gaba, jikin nan sumul kamar a mayar da shi cikin kwanso. Akwai na uku, wanda bakinsa ya lanƙwashe gefe guda ramin ya rufe. Wannan juyawa ya yi, bai buɗe ba sam.

Auna faɗinsa a wuri mafi faɗi da wuri mafi ƙunci, ka haɗa lambobin biyu ka raba biyu. Abin nema shi ne ya kai faɗinsa na asali sau ɗaya da rabi ko fiye. Harsashin .308 milimita 7.8 ne, ke nan kana son ganin 11.7 zuwa sama. Na yadi 100 mai yiwuwa ya kusa ninki biyu, wajen milimita 15. Ɗora shi a sikeli kuma; irin su TTSX da CX da E-Tip sukan riƙe kashi 95 cikin ɗari na nauyinsu ko fiye.

Hukuncin da mafi muni cikin ukun ake yi. Biyu sun yi kyau ɗaya ya ƙi, to ka riga ka taka gaɓa. Ja baya yadi 50 ka sake.

Wannan awon bai shafi harsasan da aka ƙera don su zubar da kunnuwansu ba, kamar na kamfanonin Hammer da Cutting Edge. A nasu, abin dubawa shi ne kunnuwan sun karye duka, sun bazu, gangar jikin mai faffaɗan goshi ta wuce gaba. Idan ka tsinto irinsu da kunnuwa a manne, gudun bai kai ba.

8. Idan nisan ya yi maka kaɗan

Maganin farko rage nauyi. Wanda ya saba da giren 180 na dalma yakan nemi 180 na jan ƙarfe, kuma nan ne kuskuren da ya fi yawa. Koma kan .308 ɗin nan. Mai giren 180 da BC 0.48, idan ya fita da 2,570, yana sauka 2,200 a wajen yadi 210. Mai giren 130 da BC 0.35, idan ya fita da 3,050, sai kusan yadi 335 yake kai wannan gudun. Mai 130 ɗin kuma, tun da ba ya zubar da nauyinsa a hanya, nitsewarsa ba ta gaza ta harsashin dalma da ya fi shi nauyi nesa ba. Sauka mataki ɗaya ko biyu daga nauyin da ka saba.

Na biyu, sauya samfuri zuwa mai tsinin roba da faffaɗan rami, ko wanda aka yi don nesa irin LRX, ka koma mataki na ɗaya da shi. Na uku shi ne mafi araha: matsa kusa da dabbar.

Gargaɗi ga masu cusawa da kansu: kada neman ƙafa hamsin ya sa ka haura iyakar albarushin da littafi ya gindaya. Harsashin jan ƙarfe yana da tsawo, yana cin wuri a cikin kwanso, matsinsa kuma daban yake da na dalma mai nauyi ɗaya. Yi aiki da awon da aka wallafa don shi, fara daga ƙasa. Barnes yana ba da shawarar a fara da barin tazarar inci 0.050 tsakanin harsashin da farkon tsagin bututu.

9. Rubuta iyakar, ka shiga daji da ita

Yanki tef, rubuta sunan harsashin da nisan, manna a gindin bindiga inda idonka zai faɗa kai. Lamba zagayayyiya zuwa ƙasa: 290 ta zama 275, ba 300 ba. Ana cikin zumuɗi ba a lissafi, kuma dabbar da ke yadi 340 da yamma ta yi takan yi kama da tana 280. Auna nisa kafin ka ɗora yatsa a kunama.

Kafin ka loda, dubi bakin kowane harsashi. Tsinin robar da ya karye ko ya karkace, ko buɗaɗɗen ramin da ya lotse saboda gogayya a cikin gidan harsashi, ko ya cushe da laka da zaren aljihu, ware shi don harbin takarda.

A kusa da iyakarka, inda harsashi ya sauka yana da nauyi fiye da yadda yake da shi a yadi 80. Maharba da yawa masu amfani da jan ƙarfe suna matso da saiti gaba kaɗan, ya bi ta kafaɗa ya ratsa saman zuciya da gaban huhu, domin ƙashi da tsoka suna taimaka masa ya baje, shi kuma ba ya farfashewa ya lalata nama kamar dalma. Ko da harbin ya yi kyau, dabbar tana iya gudu yadi hamsin ko ɗari kafin ta faɗi. Riƙe wurin da take tsaye a ido, dakata kaɗan, je ka nemi jini da gashi, ka bi sawu ko da ka zaci kuskure ka yi. Idan ka same ta, duba huhun da ramin fita lokacin fiɗa, ka rubuta nisan da abin da ka gani a gefen lambobin gwajinka.

Duk ranar da ka sayi kwali mai sabuwar lambar rukuni, ko ka sauya albarushi, ko aka rage tsawon bututu, harba biyar ta gaban na'urar auna gudu. Idan matsakaicin ya sauka da fiye da ƙafa 50, koma mataki na biyar ka sake tef ɗin.